Bin salsalar gidanmu a Maraɗi

Tun ranar da na saka jerin sunayen kakanninmu a gurup ɗin dangi na WhatsApp waya ba ta huta ba, wannan ya kira daga Yamai wancan daga Abijan, har da ɗan ƙanen babanmu da ke karatu a Faransa, kuma kowa tambayarshi guda ce, wai a wane biro na samo su, ko wane shafi ne a intanet da ake buga suna kakanni su zubo. To bari in amsa ma kowa a wuri ɗaya in huta. Babu biron, babu shafin. Manyan shafukan nan da Turawa ke bin asalinsu a ciki an gina su ne a kan rajistar coci da ta gwamnati da aka yi ɗaruruwan shekaru ana rubutawa, mu kuwa nan Maraɗi in ka bi takarda kuma ka yi sa'a za ta kai ka ga kakanka ta tsaya cak, gidaje da yawa ma a kan uba take tsayawa. Daga nan sai bakin tsofaffi. Amma kar wani ya ce to shikenan a bar takarda, a'a, tsoho in labari ya yi mashi daɗi yakan haɗe mutum biyu masu suna ɗaya su zama mutum guda, ko ya tsallake wanda ba ya son a tuna, takardar ce ke kama shi, ita kuma in ta yi ƙarya, kuma wallahi tana yi, tsohon ne ke kama ta.

Wurin farko ba meri ba ne, wato ofishin magajin gari. Akwatin ƙarfen marigayi ne, wanda aka tura ƙarƙashin gado tun bayan sadakar arba'in ba wanda ya ƙara buɗewa sai in ana neman takardar fili. A namu, ƙasan wata tsohuwar riga da ta sha shuni, cikin leda da aka ɗaure da tsumma, na tarar da kartar iyali ta kakanmu, wadda aka buga ma carte de famille a sama, ta yi ja, an ninke ta huɗu har ninkin ya tsage, gara ta ɗan taɓa gefe ɗaya. Sunan maigida ne a kai, sai matanshi, sai ɗiya a jere kowa da shekarar da aka ƙiyasta mashi, sai wurin da ake nuna wanda ya isa biyan lanho, wato haraji, da wanda bai isa ba. Tare da ita akwai ƴan rasit na lanho da tsohuwar kartar dantite mai hoto baƙi da fari, kuma wannan ta ƙarshen ita ta fi komai daraja a wurina, don a jikinta ake rubuta ɗan wane da wance, takardar mutum ɗaya ta ba ka sunan ubanshi da na uwarshi ba ka taka ko'ina ba. Duk wanda ke da tsoho a gida ya je ya ɗauki hoton kartarshi gaba da baya, ko da wa'adinta ya ƙare tun zamanin Shugaba Kunce.

Sai dai ka tuna dalilin da ya sa aka yi waɗannan takardu. Ƙidayar kumandan, Baturen mulki, ba don jikoki su san tarihi aka yi ta ba, don lanho ce, da ɗaukar soja, da kamun yara a kai lakkwal, da aikin dole kafin a soke shi a 1946, saboda haka mutane sun ɓoye duk abin da za su iya ɓoyewa. Yaro ya isa biyan lanho a ce bai isa ba, wani a sa shi cikin rumbu har masu ƙidaya su wuce, wani a tura shi wajen dangin uwa ƙetaren iyaka, kuma halin bai tafi da Bature ba, ya daɗe bayan 1960. A kartar kakanmu ɗiya maza uku aka rubuta alhali kowa a gidan ya san huɗu ne, babban yana Katsina wajen malam lokacin da aka zo, kuma da gangan aka bar shi can. Da takardar kaɗai mutum zai bi da reshe guda ya ɓace, reshen da yau ya fi kowane yawan jama'a. Kar kuma a haɗa wannan da babbar ƙidayar ƙasa ta 1977 da 1988 da 2001 da 2012, waccan lissafi kawai ake fiddawa, ba za ka je a buɗe maka sunan kowa ba.

Meri kuwa a je, amma a je da shiri. Birnin Maraɗi yanzu kashi uku ne, kowane da nashi biron eta sibil, kuma rajista ba bisa suna aka jera ta ba, bisa shekara ce da lamba, don haka in ka shiga ka ce ina neman takardar wane ɗan wane, ba ka da shekara ba ka da lamba, ka ɗora ma bawan Allah aikin da ba zai ƙare ba ga layin masu jiran takardar jarirai a bayanka. Ka nemo kowace tsohuwar kofi da ke gida, lambar na jikinta, ka riƙe kuɗin tambur, ka gaida mutane da kyau, ka zo ranar da ba cunkoso. A wani biro da ba sai na faɗi sunanshi ba na ga rajistocin wasu shekaru jibge a ƙasa damshi ya manne shafukan, wanda ke wurin da kanshi ya ce mani abin na ci mashi rai, to ka sa a ranka akwai shekarar da za a ce maka babu kuma da gaske babun ce.

Abin da za ka fi samu ga tsofaffinmu ba takardar haihuwa ba ce ta ranar da aka haife su, takardar alƙali ce, jugement supplétif, wadda ake yi bayan shekaru da shaidu biyu sadda buƙata ta taso, shiga lakkwal ko yin karta ko tafiya Makka ko neman fansho. Ita ce mai né vers ɗin nan, an haife shi wajen shekara kaza, mutum ya dube ka ya yanka maka shekaru, daga baya da aka matsa sai an sa rana sai aka riƙa sa 1 ga Janairu, shi ya sa in ka tara takardun tsofaffin gida za ka rantse duk ranar sabuwar shekara aka haife su. Shekarar kar ka yarda da ita. Amma ka duba sunan uwa, ka duba wurin haihuwa, sannan ka duba shaidun nan biyu, don ba a ɗauko shaida a tasha, yawanci kawu ne ko maƙwabci ko abokin uba, kuma gidajensu na nan ana iya zuwa a tambaya. Wanda babanshi ya yi lakkwal ya leƙa tsohuwar makarantar ya roƙi darakta ya duba mashi babbar rajistar shiga, a ciki ake rubuta sunan uba da sana'arshi da unguwa da shekarar da yaro ya shiga.

Inda kai ke ɗaurewa shi ne suna. Mu ba mu da sunan gida guda da ake gada daga kaka har tattaɓa kunne, kowa sunanshi ne da na ubanshi, in uba Sani Abdu ne ɗa ya zama Laminu Sani, jika kuma a maida mashi sunan kakan ubanshi ya zama Abdu Laminu, haka abin ke juyawa har ka samu Abdu uku a gida ɗaya cikin shekara ɗari. Ga rubutun Faransanci, suna guda wani ya rubuta Mahamane wani Mamane wani Maman, Yusufu ya koma Issoufou, Tasawa ta koma Tessaoua, Gidan Runji ya koma Guidan Roumdji, in ba ka gwada su duka ba za ka wuce kakanka a shafi ba ka gane shi ba. Ga kuma riƙo, yaron da ya tashi hannun wan babanshi ko kawunshi, shi ya kai shi lakkwal mushe ya tambayi sunan uba ya ba da nashi, shikenan har ya mutu takarda na cewa ɗan wane ne alhali ba shi ya haife shi ba. Sannan sunan yanka daban sunan da ake kiran mutum daban, kuma na biyun kar ka raina shi don shaida ne, in ka ji Tanko ka san mata ne a gabanshi, to ina suke, wa suka aura. In ka ji Gambo akwai tagwaye kafin shi. In ka ji Ajuji ko Bawa sau da yawa uwar ta sha binne ɗiya kafin ya tsaya, Nomau kuwa ya faɗa maka lokacin noma aka haife shi.

Duk wannan ban san kanshi ba sai da na zauna da Gwaggo, yayar babanmu, wadda ke ce mani Babana don sunan mahaifinta gare ni. Tana zaune a kan tabarma bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa a faifai, na ajiye mata goro da sabulu, na nemi izini na kunna salula tana ɗauka, na buɗe kaye kamar wani ɗan jarida.

"Gwaggo, wace shekara aka haifi Baba?"

"Kai Babana, ni ina ni ina shekara. Shina goye dai anka yi ruwan da ya ci gari, ni ce ɗauke da tabarma sadda munka hau tudu."

To ka ga an gama magana. Ruwan da ya ci gari 1945 ne, shekarar da Gulbi ya cika ya rushe tsohuwar Maraɗi da ke can ƙasa cikin fadama, aka tada mutane aka maido su nan kan tudu aka yanka masu kare-kare da tituna miƙaƙƙu. Wanda ke goye a 1945 ba zai zama haihuwar 1948 ba kamar yadda takardarshi ta ce, an rage mashi ne don a karɓe shi lakkwal. Wannan ruwan shi ne babban ma'aunin duk wani gida na asalin garin nan, kowane tsoho ya san wa aka haifa a ƙasa wa aka haifa a tudu, wa ya mutu kafin a tashi aka baro kabarinshi can inda yanzu gonaki ne da lambuna. Unguwannin ma da sunayensu suka hawo, Bagalam, Ƴandaka, Maraɗawa, Ɗan Gulbi, Limanci, Mokoyo, Hasau, don haka in tsohuwa ta ce mu ƴan Bagalam ne ka tambaye ta Bagalam ta ƙasa ko ta tudu. Wanda kuwa tarihinshi a Sabon Gari ya fara, ko Zariya ko Ali Ɗan Tsoho ko Sura Bildi, to ya nemi garin da kakanshi ya baro, da yawa cinikin gyaɗa ne ya jawo su, wasu fari ne ya koro su daga ƙauye.

Kar ka tambayi tsoho shekara, tambaye shi abin da ya faru. Auren wance kafin zaɓen i ko a'a na 1958 ne da rikicin Sawaba ko bayan shi, wane ya rasu kafin Kunce ya hau a Afrilun 1974 ko bayan ya hau, yaron nan an yaye shi lokacin yunwar El Buhari ta 1984 da aka rufe iyaka ko bai kai ba. Gwaggo har Kakalaba takan ambata, yunwar 1914, ba don ta gani ba, don uwarta ta ce mata tana budurwa aka yi ta, kuma da wannan kalma ɗaya na iya ƙiyasta shekarun wadda ba ta taɓa shiga kowace takarda ba.

Kuma mata za ka nema, wannan ba zan janye ba ko da iyayena maza za su ji haushi. Namiji zai jero maka wane ɗan wane ɗan wane a layi ɗaya ya tsaya, ya ce shikenan, kamar maza ne ke haihuwar junansu. Tsohuwa ce ta san kakanka mata nawa ya aura, wacce ta fita da ciki, wacce ta zo da agola, wa ya sha nonon wa har aure ya haramta tsakanin gida biyu, wace ƙanwa aka kai aure Madarunfa ba ta ƙara dawowa ba. Matsalarta guda, alkunya, ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗan fari ba, surukai kuwa ko da wasa, sai ka ji ta ce mai gidan nan, ko wancan yaron, yaron da ya haura saba'in. Nan sai dabara, ka tafi da jikarta mai baki, don tsakanin jika da kaka wasa ne, ita za ta iya cewa ke tsohuwa wai mijin nan naki ba shi da suna ne, a yi dariya a yi zagi, in ba ta faɗa ba ta ce a je a tambayi wance, kuma wancen ita ma wata rijiyar ce. Kar ka zauna da biyu lokaci guda, ɗaya za ta yi shiru ta bar ma babbar. Ka ji kowace ita kaɗai, ka rubuta wa ya faɗa da ranar da ya faɗa.

Rubutun da ya fi na Bature tsufa kuma ya fi shi gaskiya wajen rana yana gidan malamai. Malaman da sukan rubuta haihuwa da rasuwa a bangon Alƙur'ani ko ganyen ƙarshe na littafi ko gefen kundi, da tawada, da Larabci ko ajami. Babban wan babanmu, wanda aka ɓoye a Katsina, a nan na same shi, a gidan limamin da ya raɗa mashi suna, jikan limamin ya fiddo gafaka ta fata ya kwance igiya, takardu ba ɗinki ko wace warwas, ya yi ta juyawa a hankali har ya kai wata da aka rubuta layi uku a gefenta a karkace, an haifa ma wane ɗa namiji a watan Rajab, shekara 1350. Wato ƙarshen 1931. Lissafin ba wuya, 1400 ta hijira ta kama a Nuwamban 1979, 1364 ita ce ta yi daidai da shekarar ruwan nan, kuma kowace shekara 33 ta hijira 32 ce ta boko, salula ma na juya maka. Sau da yawa malam rana da wata kawai yake sawa ba shekara, to sai ka dubi abin da aka rubuta sama da ƙasa da shi. Rubutun irin na warash ne na da, in ba ka saba ba ka tafi da wanda ya yi allo sosai. Kuma don Allah kar ka ce a ba ka aro ka kai fotokofi, haka takardun mutane ke salwanta, ka ɗauki hoto a wurin, ka ba da sadaka, ka yi godiya.

Wanda gidansu ya taɓa sarauta shi abin ya fi yi ma sauƙi, don fada ba ta mantuwa da wanda ya riƙe rawani. Katsina ta faɗi hannun masu jihadi wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa, Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819, shi ya sa har gobe sarautar garin nan Sarkin Katsina ce. Gobirawa kuma bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da yaƙin Gawakuke a 1836 suka kafa Tsibiri ga ta nan kusa. Gidan Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi, da gidajen sarakunan sana'a, maƙera, mahauta, wanzamai, masu ruwa, duk suna da jerin waɗanda suka riƙe, kuma in kakanka bara ne ko dogari ko makaɗi a ɗayansu akwai wanda zai tuna shi. Ba a faɗa ma fada kai tsaye da kaye a hannu, ta wajen mai unguwa ake bi ya haɗa ka da wanda ya dace.

Maroƙa kuwa sun sani, sun sani ƙwarai, amma sana'a suke yi. Ranar biki in ka miƙa jikka biyu kowa jikan Korau ne ko na Bawa Jan Gwarzo, ban taɓa jin an yi ma wani kirari an ce jikan mai saƙar tabarma ba. Ka same shi gida ranar da ba taro, ka ce Baba ba wasa ni na zo ka yi ba, kirarin gidanmu nike so ka faɗa mani yadda ka ji shi wajen babanka, sannan ka tsaida shi a kowace gaɓa ka tambaya, don cikin kirarin nan ake samun sunan gari ko rijiya ko sana'a da gidan ya manta. Tsohon wanzami ma haka, ya dubi hoton kakanka ya ce wannan askar Gobirawa ce ko ta Katsinawa ko ta Barebari, wani lokaci har ya faɗi gidan da ke yin ta. Yanzu da aka bar yin zane, tsohon hoto ne kaɗai ya rage mai wannan shaida.

Wani wurin da mutane ba su kawowa a rai shi ne rikicin gona da rabon gado. Babu inda Bahaushe ke jero kakanninshi tiryan-tiryan kamar gaban maigari ranar da aka taɓa mashi iyakar gona, wane ya sare dajin, ya bar ma wane, aka ba wane aro. Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye da ake ce ma kofo, daga ƙauye har departama, suna ba da takardar shaidar gonar gado, kuma takardar taron dangi da ake kai ma justis in za a raba gado tana jero magada kaf, mata da maza, abin da kartar iyali ba kullum take yi ba.

Yamai sai wanda ya gama da gida. A ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa akwai rahotannin rangadin kumandodi da bayanan da suka rubuta a kan kowace ƙasa da ƙauyukanta da sarakunanta, a IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, akwai sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami da Bubu Hama ya assasa tarawa, akwai kuma CELHTO mai adana tarihin baka. Amma ka san abin da za ka samu, sunan maigari ne da yawan masu biyan lanho da shekarar da aka kafa ƙauye ko aka tashe shi, talaka ba ya fitowa da suna sai in ya yi shari'a ko ya yi tawaye. Ka kuma nemi Tasawa ba Maraɗi kaɗai ba, don can babban biron Bature yake kafin a maido shi nan a shekarun 1920. Sauran takardun mulkin mallaka suna Dakar da Aix-en-Provence ta Faransa, rajistar haihuwar da ke Aix ɗin kuwa yawanci ta Turawa ce da ƴan tsirarun da aka ba zama ƴan ƙasar Faransa. Wanda kakanshi tsohon soja ne shi ke da babbar sa'a, in littafin sojan na gida da lambar a jiki, takardun irin su suna garin Pau a Faransa, waɗanda suka mutu a yaƙin duniya kuma ana iya duba sunayensu a shafin intanet na Mémoire des hommes. Iyakar nan da ta raba mu da Jibiya da Katsina tsakanin 1906 da 1908 aka kafa turakunta, kakannin kakanninmu ba su san da ita ba, don haka rabin amsar gidaje da yawa tana can, wajen dangi ko a ma'ajiyar takardu ta Kaduna da Arewa House, da rubutun Ingilishi.

Saura abin da ba a so a faɗa. Ƙarni na 19 gaba ɗaya yaƙi ake tsakanin Maraɗi da Tsibiri da ƙasashen daular Sakkwato, ana kai hari ana kamo mutane ta kowane ɓangare, Faransa ta hana cinikin bayi a takarda a 1905, Nijar ta maida bautarwa laifi a dokar 2003, amma har yanzu kalmar na iya fasa aure. In kana bin layi tsoho ya ce daga nan ban sani ba ya kama wata hira, wani lokaci da gaske bai sani ba, wani lokaci kuwa ya sani sarai. Haka gidan da kakansu Azne ne mai tsafin gado, ko kakarsu ƴar bori ce ta gidan Iya, jikoki yau alhazai ne da limamai ba su son a tada. Ni ra'ayina a rubuta, don wanda ya ga an goge suna zai zaci abin ya fi haka muni, amma ba ni da ikon watsa asirin gidan wani, kuma abin da aka faɗa mani a ɗaki ba na sa shi inda kowa zai tura ma kowa.

A namu gidan maganar ta taso a kan uwar kakanmu, wadda sunanta na samu a kartar dantite ɗin nan kuma ba wanda ya taɓa ambata mana ita. Na kai ma ƙanen babanmu, wanda shi ne babba a maza yanzu, ya karɓi kartar ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ce ka tono wannan?"

"Baba, a jikin takarda na gani, ban sa ko'ina ba sai na ji daga bakinka."

"An kawo ta ne, ba aurenta anka yi ba da farko. Rubuta ta. Amma ka rubuta ita ta haifi Malam, kuma ita ta riƙe gidan da yunwa ta zo."

Na rubuta yadda ya ce. Garin da aka ɗauko ta ne har yanzu ba a daidaita ba, shi ya ce wajen Zamfara ne, Gwaggo da na kai mata ta ce yaushe aka haife shi da zai sani, ita ta kwana ɗakin tsohuwar kuma askar da ke fuskarta ba ta Zamfarawa ba ce. Na sa duka biyun a kaye, kowane da sunan wanda ya faɗa, kuma Gwaggo ta ce in an gama girbi in nemi kabu-kabu in je Jiratawa, akwai ɗiyar ƙawar tsohuwar da ke raye, in tafi da goro fari don ba ta cin ja.